Shamuwa Ta Zo, Tsamiya Babu

Tirwun, Bauchi
9 ga Afrilu, 1996

Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Fati. Ya zafin Kano?

An sallamo Baba daga asibiti ranar Litinin. Aikin idon ya yi kyau, amma an naɗe shi da bandeji, sai bayan kwana goma za a kwance. Likita ya ce kada ya fita rana, kada kuma a ɓata masa rai, saboda hawan jininsa.

To ga inda ka jefa ni. Ka sa an sare tsamiyar tsakar gida yana kwance a asibiti, ka hau mota ka koma abinka. Ka san shekara talatin da ɗoriya yana rubuta ranar da shamuwa ta sauka a kanta a ɗan littafinsa, kuma ba ya taɓa shuka sai ya gan ta. Tun yana asibiti, kullum da safe, kafin ya karɓi koko, sai ya ce, "Saudatu, ta sauka?" Ina ta cewa tukuna.

Jiya guda biyu suka zo. Wallahi sai da suka zaga kututturen sau uku, sannan suka wuce rimin gidan Andrawus maƙwabcinmu. Me zan ce masa?

Ƙanwarka,
Saudatu

Kano
12 ga Afrilu

Saudatu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki ta hannun direba, na kuma gode Allah da sauƙin Baba.

Ki daina magana kamar na yi kisan kai. Cikin itacen nan ya ruɓe, ke kanki kin ga reshen da ya rushe katanga bara. Da a kan ɗakin Baba ya faɗa fa? Na san in na tambaye shi ba zai yarda ba, shi ya sa ban tambaya ba.

Ki ce masa ta sauka a kan tsamiyar, ya samu ya kwantar da hankalinsa. Zan nemi izini a wurin aiki in zo kafin a kwance bandejin, in yi masa bayani da bakina. Ki gaishe shi.

Yayanki,
Mika'ilu

Tirwun
16 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙarfin wata.

Na yi ƙaryar da ka ce, Allah ya yafe mini. Ya ce, "A wane reshe?" Na ce na gabas. Ya ce, "Madalla." Can sai ya ce, "Ikon Allah, shamuwar bana akwai tsabta. Ban ji kina share kashinta ba." Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige! Kowace shekara ni ke mita a kan sharar nan, har yana yi mini dariya, amma sam na manta.

Na ɗauki tsintsiya ina ta sharar ƙasar da babu komai a kanta, ina kuka. Ya ce, "Ya isa haka."

Yau kwana biyu bai ci abin kirki ba, kuma ya daina tambayata. Shirun nan ya fi tambayar tsoratar da ni. Jibi za a kwance idon. Ina kake? Kai ka sare, ni ke kallon fuskarsa. Ka zo, don Allah.

Saudatu

Tirwun
21 ga Afrilu

Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Da hannuna nake rubuta wannan, ido ya buɗe, alhamdu lillahi. Ba ka zo ba.

Tun ranar da na dawo na sani. Rana ta taɓa ƙafata da hantsi a cikin ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba tun kafin a haife ka. Tambayar da nake yi, jira nake ɗayanku ya gaya mini gaskiya. Saudatu ta durƙusa ta faɗa da kanta tun kafin mu tafi wurin likita. Na yafe mata.

Na duba kututturen. Ya ruɓe, kana da gaskiya. Da ka tambaye ni, da mun yi faɗa, da kuma na yarda.

A littafina na rubuta: "Takwas ga Afrilu, sun zo, ba su same mu ba."

Sun yi sheƙa a rimin Andrawus. Kullum da la'asar yana fitar mana da kujeru mu zauna mu kalle su. Na ce ya ƙara ɗaya. Har yanzu ba kowa a kanta.

Mahaifinka,
Babayo