Kwalbar maganin idon yayana tana hannuna

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin ka sakaya sunana, ku kuma ku taimake ni da shawara don girman Allah, domin zuciyata tana raya mini abin da ban taɓa zaton zan yi ba da furfura a kaina.

Ni tsohuwa ce, na haura saba'in, a Gamkalle aka haife ni nan Yamai. Shekaru kaɗan bayan an ba mu mulkin kai, Babanmu wanda tela ne ya kamu da tansiyon ido, wato hawan jinin ido. Aka yi masa aiki a idon dama, likita ya ba mu wata 'yar kwalba ta maganin ɗigawa, ya ce a riƙa sa masa a na hagu har ranar randebu, wato ranar da aka sa mana za a yi wa na hagun aiki shi ma. Ni ya damƙa wa kwalbar, don ni kaɗai na yi lakwal, karatun boko, a gidan. Ya ja mini kunne cewa maganin zai tsuke baƙin tsakiyar idon, kada mu tsorata, haka ake so, kuma kada a fasa ko kwana ɗaya.

To haka aka yi, baƙin idon ya koma kamar kafar allura, Baba yana kukan ciwon goshi, ɗaki ya yi masa duhu, ko zare ba ya iya zurawa. Sai yayana, babban ɗansa, ya leƙa idon ya ce ai ga shi ƙiri-ƙiri maganin Nasara yana rufe wa tsoho ido kaɗan-kaɗan. Na faɗa masa abin da likita ya ce, ya ce wai tun da na iya faransanci biyu nake ganin na fi kowa. Ya fizge kwalbar a hannuna, na bi shi ina kuka har bakin gulbi, a gabana ya wurga ta cikin ruwa. Ba a yi kwana goma ba idon ya yi ja, Baba yana amai yana riƙe kai, kafin a kai shi asibiti gani ya tafi. Na daman kuwa da ma ganin da ya saura a cikinsa kaɗan ne.

Abin da ba zan manta ba, da dangi suka taru sai yayana ya ce ni ce na yi ta ɗura wa Baba magani fiye da ƙima har na kashe idon. Wa zai ji maganar yarinya ya bar ta babban ɗa? Baba ya yi shekara tara a makance, kuma har ya rasu bai sake karɓar ko ruwan sha daga hannuna ba. In ya ji motsina sai ya ce a kira wani.

Yanzu ga inda Allah ya kawo mu. Yayana ya tsufa a ƙauye, ciwon nan ya kama shi, aka kawo shi gidana don a yi masa aiki a Yamai. Na raka shi asibiti, sai ga likita ta miƙo irin maganin nan, ta yi bayaninsa kamar yadda aka yi mini ina yarinya. Da gangan na tambaye ta a gabansa, in aka zubar da shi fa? Ta ce mutum yana iya makancewa cikin kwanaki. Na juya na dube shi, ina jira ya ce ƙanwata ki yafe mini. Wallahi abin da ya ce kawai, komai ƙaddara ce.

Tun ranar jinina ke tafasa. Hannunsa yana rawa, ni nake ɗiga masa sau uku a yini, yana ɗaga kai yana buɗe mini ido kamar bai taɓa yi mini komai ba. Saura kwana shida a yi aikin. Jiya na tsaya da kwalbar a bakin magudana, na buɗe murfin, in juye in cika ta da ruwan famfo ba wanda zai sani, shi ma ya ce ƙaddara ce. Tsoron Allah ne ya riƙe hannuna, ba tausayinsa ba, wannan ba zan yi muku ƙarya ba.

Ku faɗa mini, in ba wani kwalbar in fita daga sha'aninsa, ko in tara dangi in tilasta masa ya faɗi gaskiya kafin ya sake ganin ɗigo ɗaya? In ma ya faɗa, wanda nake so ya ji yana kabari. Ga shi can yana kirana, lokacin magani ya yi.