Na Zaɓa wa Yaranka Kogin Gashuwa

Assalamu alaikum, Maigida.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinka, na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba. Ko da ta zo ma, dariya za ka fara yi, ka ce yaushe Hauwa ta iya rubutu? Ajin yaƙi da jahilci na shiga bayan na fita takaba. Abin da ke raina ya fi ƙarfin in ci gaba da riƙe shi.

Mutanen gida lafiya. Damina ta ɗan yi kyau bana, ba kamar shekarun farin nan ba. Madam Rosa, 'yar kudun nan da ke sayen kifinmu na banda tana lodawa a jirgin ƙasa na Nguru, har yanzu in ta zo sai ta ambace ka.

Labarin kamun kifin bana nake so in ba ka. Da sanyi ya fara shigowa, ruwa ya soma janyewa daga fadama, yaranka biyu suka kasa shiryawa. Babban ya ce shi ba zai bar tabkin Nguru da mashigarsa ba, nan ubansa ya yi su, nan kakansa ya yi. Ƙaramin kuma, Garba, ya ce ruwan nan ya kwanta, ragar da ake saki ta bi ruwa ba ta aiki inda ruwa ba ya tafiya, a koma kogin Gashuwa. Kwana uku ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba. Har na ji Garba yana cewa a raba ragar da gorunan da suke hawa a ruwa, kowa ya kama gabansa. Ragar da ka shekara kana saƙawa, Maigida, a sa mata wuƙa?

Da kana nan, kai za ka je bakin ruwa ka tsaya, ka dawo ka faɗi kalma ɗaya, magana ta ƙare. Ni ban taɓa hawa gora ba. Amma tun ina amarya nake feɗe kifin da kake kawowa, kuma cikin kifi ba ya ɓoye mini ruwan da ya fito.

Sai na aika kasuwa aka sayo mini tarwaɗar tabki. Madam Rosa kuma ta ba ni biyu daga cikin waɗanda aka kawo mata daga Gashuwa. Na feɗe su a gaban yaran. Ta tabki kai ne kawai da ƙaya, cikinta laka. Na Gashuwa kuwa kitse rawaya har yana bin wuƙa. Babban ya kawar da kai, ya ce kifi biyu ba hujja ba ne. Na ce ya yi gaskiya.

Ranar kasuwa na hau mota ni da ƙanwarka Hajara, muka tafi Gashuwa. Muka taka da ƙafa zuwa sama da gari, inda kogin ya fi faɗi. Na jefa karan dawa kamar yadda na sha ganin kana yi, na bi shi da ido. Bai tsaya ba, bai juya ba, bai maƙale a ciyawa ba har ya ɓace mini. Na tambayi matan da ke wanki zurfin wurin, da inda kututture yake a ƙasa don kada ya yaga raga. Daga nan muka je gaishe da sarkin ruwan wurin. Ashe ya san ka. Ya ce kun taɓa yin su tare kuna samari, kuma 'ya'yanka ba baƙi ba ne a ruwansa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. A shekarar farin da ka rasu, tun kifin farko da na feɗe na gane tabkin nan ba shi da komai. Na gani, na yi shiru, don ina jin nauyin a ce mace ta koya wa mijinta ruwa. Ka yi ta shiga cikin sanyin nan kana fitowa da kwando rabi, har tarin ya kama ka. Na san kwana ne ya ƙare. Amma da na yi magana, da ka ji? Ko da ba ka ji ba, ai da na faɗa. Ka yafe mini.

Shi ya sa bana ban yi shiru ba. Na tara su na ce Gashuwa za a je, kuma tare za a je. Babban ya tambaye ni ko kai za ka yarda a bar ruwanka. Na ce masa ba tabki ka bar musu ba, sana'a ka bar musu.

Sun kafa bukka a bakin kogin, ni ma na bi su da kayan bandata. Kwana biyun farko ba su samu abin kirki ba. A rana ta uku da hantsi ina tsaye a gaɓa, su biyu kowa a kan goransa, ragar a tsakaninsu tana bin ruwa, sai na ga sun fara kiran juna. Kifi ne ya cika ragar: ragon ruwa, da karfasa, da wata giwar ruwa da sai da suka haɗa hannu kafin suka fito da ita. Tun daga ranar wutar banda ba ta mutu ba. Hatsin shekara ya shiga rumbu, kuma sun koma cin tuwo tare.

Jiya babban ya zo ya tsuguna kusa da ni ina juya kifi, ya ce, Inna, baɗi wane ruwa za mu? Na ce ya bari damina ta faɗi tukuna, ya kawo mini kifin farko in gani.

Allah ya jiƙan ka, ya sada mu da alheri.

Ni ce matarka,
Hauwa, daga bakin kogin Gashuwa.