Dikoda ta goge Babana, ga Mama tana hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ina yi musu addu'a a zuciyata, yau ga ni da tawa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri idan na ja zance, haka nake.

Ina zaune a Riyad da maigidana, injiniya ne a wani kamfani a unguwar Ulaya, ni kuma ina gida da jaririna. Muna da dikoda irin wadda ake mayar da shiri baya a kalli abin da ya wuce, ko a ajiye shi a cikinta. Tun da aka kawo ta ba ma shiri da ita. Ka danna ta koma baya kaɗan sai ta kwashe ka ta kai farkon shiri, ka ce ta tsaya sai wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa a allo kamar ba zai gaji ba. A da abin dariya ne a gidanmu. Yanzu ko inda take ba na son kallo.

Bara Babana ya zo Umara. Lokacin ina da tsohon ciki, likita ta hana ni doguwar tafiya, su kuma ayarinsu ba za su biyo ta Riyad ba. Muna ƙasa ɗaya amma ban gan shi ba. Ranar da zai yi ɗawafi ya kira ni ya ce, "Auta, ki kunna talabijin ki duba da kyau, ni ne mai fararen kaya." Na ce Baba ai kowa fararen kaya ne da shi, ya yi ta dariya har da tari. Na kunna tashar da ke nuna Harami kai tsaye, ban hango shi ba. Kwana uku na yi ina mayar da shirin baya, dikoda tana tsalle tana daskarewa, ina lallaɓa rimot kamar mai rarrashin yaro. A rana ta uku na same shi. Kyamara ta sauko kan jama'a, sai ga Baba, ya goya hannun hagu a bayansa yadda yake yi idan zai tafi masallaci, yana ɗan jan ƙafa, leɓensa yana motsi. Ko minti ɗaya bai cika ba mutane suka rufe shi kamar ruwa. Na ajiye wurin a dikoda. Wata biyu da komawarsa gida Allah Ya yi masa rasuwa, ina jego, ban samu zuwa ba.

Daga nan wurin ya zama wajen ziyarata. Da hantsi in gidan ya yi tsit sai ƙarar mukayyif, wato AC, yana hura sanyi, nakan kunna in ɗaga jaririn in ce ga kakanka can. Na taɓa ɗauka da waya don in tura wa Mama, amma hoton ya fito layi-layi, ga sheshsheƙar kukana a ciki. Na ga bai dace da Baba ba, na goge. Na ce mata, Mama sai kin zo ki gan shi a babban allo. Wannan gogewar da na yi da hannuna ita ce ta fi ci mini rai.

Sati uku da suka wuce na buɗe jerin abin da muka ajiye, babu Baba, ƙwallo ce daga sama har ƙasa. Maigidana ne ya saita ta riƙa ɗaukar masa wasannin da aiki ke hana shi gani, ashe idan cikinta ya cika da kanta take share mafi daɗewa, ba ta tambayar kowa. Ashe kuma akwai wata 'yar alamar makulli da ake dannawa a kan abin da ba a so ya tafi, mu duka ba mu sani ba. Ranar na faɗa masa maganganun da ban san ina da su a bakina ba, har na ce ya musanya mini ubana da ƙwallo. Shi ma ya ce ni da nake karanta komai me ya hana ni karanta takardar dikoda. Kwana biyu ba ma magana sai gaisuwa. Daga baya ya ba ni haƙuri, ya ɗauki dikodar ya kai ofishin masu ita, suka ce halas, abin da ya tafi ya tafi, kuma mayar da shiri baya na 'yan kwanaki ne kawai. Ya wuce kasuwar Batha wurin wani Bahaushe mai gyara, shi ma ya jujjuya ta ya ce, "Injiniya, an riga an hau kansa da wani shiri, sai dai haƙuri." Tun ranar bai sake kallon ƙwallo ba.

To ga inda matsalar take. Mama ta fita takaba, mun yi mata bizar ziyara, Alhamis mai zuwa za ta sauka. Duk kiran da za mu yi sai ta ce, "Auta, Malam yana nan dai ko?" kamar yana zaune a falonmu. Sau biyu ke nan ina cewa yana nan Mama. Ta ce ita ba ta son a kai ta kantuna, a ajiye mata kujera gaban talabijin kawai. Ga shi tana fama da hawan jini.

Shekaranjiya maigidana ya kira ni falo. Ashe ya zauna ya yi ta mayar da tashar baya har ya samo wani dattijo baƙi, siriri, yana ɗan ɗingishi, an ɗauko shi daga nesa. Ya ajiye, har ya danna makullin. Ya ce idon Mama ya yi rauni, ni zan nuna da yatsa in ce ga shi nan, ta yi kukanta ta yi addu'arta hankalinta ya kwanta, wa aka cutar? Na san tausayi ne ya sa shi, ba mugunta ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, da na kalla, na ɗan lokaci zuciyata ta karɓi mutumin. Amma hannayensa biyu a gaba suke. Mama ta fi shekara arba'in tana kallon wancan hannun a baya yana fita daga zaure. Idan ta gane, ta san 'yarta ta yaudare ta a kan mijinta. Idan ba ta gane ba, zan tsaya a bayan kujerarta ina kallo tana kiran uban wasu Malam.

'Yan uwa ya zan yi? In gaya mata a waya tun kafin ta taso, alhali ita kaɗai ce a ɗaki? In bari sai ta sauka in riƙe hannunta in faɗa? Ko in bi shawarar maigidana in nemi gafarar Allah? Don Allah masu iyaye tsofaffi ku yi mini magana. Jiya ta kira ni tana murna, wai ta je asibiti an canja mata gilashi, don ta gan shi sosai.