Umma, Na Shigo da Kare Cikin Gida

"Sati biyu kacal, 'yar'uwa. Ba ya cizo. Ga abincinsa, ga igiyarsa, ga kwanonsa. Sati biyu."

Yi haƙuri, Umma, na sa maganar wata a gaba kafin in gaishe ki, abin da kika hana ni tun ina firamare. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga 'yarki Hadiza, daga Dubai. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, kuma wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta miki a inda jama'a za su gani. Na so a ce a kan wani abin alfahari ce, ƙarin girma a ofis, ko maganar nan da kika gaji da yi min. A kan kare ce.

Mai maganar can ta sama sunanta Marisel. Maƙwabciyata ce ƙofa da ƙofa a benen da nake haya a Al Rigga, nas ce 'yar ƙasar Filifin. Da aka shiga kullen korona, asibitinsu ya kwashe su zuwa wani masauki don kada su riƙa kai ciwon gida. Ranar tafiyarta ta buga min ƙofa, takunkumi a fuska, akwati a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wata 'yar halitta mai lotsattsen hanci da manyan idanu, kamar an fara ƙera kare aka gaji a hanya. Ƙofa huɗu ta buga kafin tawa. Ita ce ta taɓa kai ni asibiti ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a bakin lif, lokacin ban san kowa a garin nan ba. Na buɗe baki zan yi mata bayanin addinina, sai na ji kaina na ce, "To."

Ƙanwarki Inna Saude tana gidan. Ta zo sarin abaya da yadi a Bur Dubai na kwana goma, aka rufe jirage, ta maƙale wurina da diloli uku a falo. Ta fito daga banɗaki da ɗanyar alwala, ta tsaya tana kallon abin da ke hannuna.

"Hadiza, wannan mage ce ko me?"

"Kare ne, Inna."

"A'uzubillahi. Digiri biyu, a ƙare a rainon kare. Fitar min da shi, yana kallona kamar ya san ni."

Kin san dokar gidanki, ke kika kafa ta. Kare wurinsa waje. Ƙyale-su, karyar da Baba ya ajiye a gidanmu na Hotoro saboda ɓarayin awaki, ta yi shekara tara tare da mu ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan simintin tsakar gida ba. Kaskonta daban. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya taɓa randa. Kina cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Na yi musu da ke a kan abubuwa da yawa, tsawon hijabi, tafiyata ƙasar waje, amma ban taɓa yi a kan wannan ba.

A hawa na shida, waje ɗaya ne gare ni: baranda. Faɗinta bai fi sallaya biyu ba, ƙasanta tayil, a gefe kuma injin esi yana gurnani. Na shimfiɗa masa kwali, na ajiye ruwa da abinci, na ja ƙofar gilas. Na koma falo ina jin kaina kamar wadda ta sasanta ƙasashe biyu. Amana ta tsira, alwala ta tsira.

Yana da suna irin na gidansu, amma Inna ta raɗa masa Yallaɓai, kuma shi ya bi shi. Ta zazzage jakarsa ta ga abincin gwangwani, buroshin taje gashi, da sabulun wanka mai hoton ɗan'uwansa a jiki. Ta ce shekararta talatin tana kasuwa, ba a taɓa buga hotonta a jikin sabulu ba. In mun tayar da sallah sai ya zo ya manna lotsattsen hancin nan a gilas yana kallonmu har mu sallame. Inna ta ce yana rage mata khushu'i, ta ja labule. Labulen bai sake buɗuwa da rana ba.

Marisel takan kira ta bidiyo in ta samu hutu, shatin takunkumi a kumatunta. Sai in kawo shi bakin ƙofa in nuna mata fuskarsa kawai. Ban ce mata a baranda yake wuni ba. Ba ta tambaya ba, don ita ko a mafarki ba ta zaci haka. Ni kuma na kira shiruna da sunan kawaici.

Sati biyu ya zama shida. Azumi ya kama, zafi ya sauko. Kin san zafin Kano gab da damina, Umma, wanda in ka samu inuwa ka tsira. Na nan ba ya jin maganar inuwa. Iska ce mai ɗumi da danshi, kamar an buɗe maka tukunyar dambu a fuska. Mu da azumi a baki muka ƙure esi. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ina karanta kimiyya, na san zafin da injin yake zuƙewa daga ɗaki ba ɓacewa yake yi ba, wani wuri yake zubar da shi. Na san wannan a takardar jarrabawa. Ban taɓa tambayar kaina a kan wa yake zubar da shi ba.

Wata rana bayan azahar ina kan kwamfuta da mutanen ofishinmu na kago, ana ta musu a kan kwantenar da ta maƙale a tashar ruwa. Inna ta ɗaga labule za ta ɗauko mayafin da ta shanya. Ta cikin abin sauraren da ke kunnena na jiyo ta.

"Hadiza! Yallaɓai ya mutu!"

Bai mutu ba. Yana kwance a gefensa, harshe a waje ya yi duhu, numfashinsa kamar janareta mai shirin ɗaukewa. Ruwan kwanonsa ya yi zafin shayi. Na taka tayil ɗin ba takalmi na yi tsalle na dawo ciki. A kan wannan yake tsaye tun safe, da nasa ƙafafun.

Ina nan ina neman silifa, Inna ta riga ta sunkuya. Ƙanwarki, Umma, wadda ba ta yarda inuwar kare ta gifta ta, ta sa hannu biyu ta sure shi. Muka yi banɗaki. Famfon ruwan sanyi a garin nan ruwan zafi yake bayarwa a wannan lokacin, tankin a rana yake wuni. Ta ce in ɗauko gorunan da muka ajiye don buɗa baki. Ta jiƙa sabon mayafinta sharaf, ta shafe shi da shi ciki da hammata, kamar yadda kike yi mana in jikinmu ya yi zafi.

Na ja mota zuwa wurin likitar dabbobi, ita tana baya da shi a kan cinya. Har yau ina jin muryarta. "Astagfirullah. Yi numfashi, ɗan banza. Astagfirullah. Kada ka kuskura ka mutu a cinyata da azumi a bakina."

Likitar ta karɓe shi da gudu. Da ta fito ta tambaye ni ina yake lokacin da abin ya faru. Na ce baranda. Ta daɗe tana kallona ta saman takunkumi. Ta ce irinsu masu lotsattsen hanci ba sa iya fitar da zafi daga jikinsu, a wannan gari ba a barin ƙaramin kare a waje da rani, ko zagayawa da shi sai da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana, kuma in fara ɗora bayan hannuna a ƙasa, in ban iya jurewa ba shi ma ba zai iya ba. Inna ba ta jin Turanci.

"Me ta ce?"

"Ta ce mun yi ƙoƙari."

"Ƙarya kike. Na ga idonta."

Suka riƙe shi kwana ɗaya. A hanyar komawa, da muka wuce Al Khabaisi, Inna ta ce, "Uwarki ma ai haka take." Ta tambaye ni ko na tuna ruwan da kike kwararawa a gindin dalbejiyar bayan gida duk tsakar rana in zafi ya tsananta. Na tuna. Bokiti biyu, da kanki, ba kya aiken kowa. Na ce ban-ruwa kike yi. Ta yi tsaki, ta ce bishiyar da ta girme ni wane ban-ruwa take nema? Ƙasar kike jiƙa wa Ƙyale-su ta samu wurin kwanciya. Ta ce shekarar da karyar ta haihu cikin damina, ke kika bar ɗakin itace a buɗe ta kwashe 'ya'yanta ta shiga, da Baba ya yi magana kika ce sakata ce ta lalace. "Sakatar nan lafiyarta ƙalau," in ji Inna. "A gabana ta kwance ta da wuƙar yankan albasa."

Shekara tara ina ganinki da bokitin nan, Umma. Na haddace dokar, ban lura da bokitin ba. Ke kin fitar da ita zuwa inuwa da ƙasa mai laima da iskar Allah. Ni na ɗauko rabin aikinki na hau da shi bene shida, na ajiye shi a gaban inji, na ja labule, ina ganin koyi da ke nake yi.

Da yamma na kira Marisel na gaya mata komai, har da yadda nake nuna mata fuskarsa kawai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Me ya sa ba ki tambaye ni ba?" Daga baya ta ce a ba ta Inna. Suka yi minti biyar suna magana, ba mai jin yaren wata, Inna tana ta cewa da Larabcinta na kasuwa, "Ba komai, habibti, khalas."

Washegari muka dawo da shi, muka shigo da shi. Inna ta jawo dilolinta uku ta gina katanga a tsakiyar falo. Daga ƙofar shigowa zuwa bakin kicin nasa, sauran namu, sallah kuma a ɗaki, ƙofa a rufe. Na kira wani malami da nake ganin girmansa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce malamai sun yi saɓani a wasu wurare, ya yi min maganar lalura da nauyin amana. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Masu leƙen wasiƙar nan da suka riga suka fara rubuta min nasiha, na gode, kowa ya tambayi malaminsa. Inna dai ba ta jira kowa ba. Duk sanda ya lashe ta sai ta wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Babu ƙasa a hawa na shida, don haka tukunyar fulawar da ke bakin lif ta yi ta ramewa har Sallah.

Bayan Sallah aka samu jirgin kwasar 'yan gida, Inna ta tafi. Dilolin suka bi ta kago, katanga ta rushe. A bakin ƙofa ta ce min, "Ki riƙa duba ruwansa. Ba don shi ba, don kada a ce 'yar Yaya ta kashe amanar mutane." Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa kada in kuskura mutanen gida su ji ta ɗauki kare. Inna, in an karanta miki wannan, ki yafe ni. Yayarki nake gaya wa, sauran saurare suka yi.

Marisel ba ta dawo ba tukuna. Yau aka buɗe ofis, yau ce rana ta farko da zan bar shi shi kaɗai daga safe har yamma, ba Inna, ba diloli. Na tashi da wuri na zagaya da shi, na fara ɗora bayan hannuna a ƙasa. Da muka dawo na tsaya a gaban ƙofar baranda na ɗan lokaci. Na murza mata makulli, na zare shi na jefa a jaka. Na naɗe sallayata, na kai ta ɗaki tare da Alƙur'anin da kika ba ni, na rufe ɗakin. Falo ya zama nasa.

Ban sani ba ko mala'iku suna shigowa falon nan, Umma, kuma abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Ina kewar gidan da ba sai na yi wannan tambayar ba. Na san dai da kina nan za ki ɓata rai, ki kira cikakken sunana, ki ce boko ya gama da ni. Sannan in na juya baya ki taɓa ruwan kwanonsa da yatsa ki ji ko ya yi ɗumi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya ƙasa ga wadda ba ta iya roƙonki da baki. Ya sa kowane bokiti ya tarar da ke a mizani. Ya dawo da Marisel lafiya, Ya ba Inna lada, ni kuma Ya yafe min abin da na yi da sani da wanda na yi da zaton biyayya ce.

A tsaye nake ƙarasa miki wannan, jaka a kafaɗa. Esi yana kunne, kwano a cike. Ya biyo ni har bakin ƙofa ya zauna yana kallona da idanun nan. Na ce masa, "Yallaɓai, a kula da gida."

Taki har kullum,
Hadiza.

Na ja ƙofar, Umma. Ta rufu. Na tafi.