Matatar da Na Wanke

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu ma lafiya, sai gwiwar mahaifiyarka da ka sani.

Wata huɗu ke nan rabonka da gareji. Motar da ka ɗora wa turbo tana nan inda ka bar ta. Na sauke injin, na sauya fistin ɗin da ya narke, na haɗa da hannuna. A silo, wato tana tsaye injin na juyawa a hankali, lafiya lau take, ko kofin shayi ka ɗora a kanta ba zai zube ba. Amma da na hau titi na taka totur, turbo ya fara hura iska, sai ta shiga ƙwanƙwasa kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Na kwance fulogi, fari fat. Iska ta yi yawa, mai bai isa ba.

Har yanzu ina kan bakana, wannan turbo ɗin naka ya fi ƙarfin injin. Sai dai maganar da na faɗa maka a gaban mai motar da mutanen gareji, cewa hannunka bai iya komai ba sai ɓarna, ta yi nauyi. Ka san bakin ubanka.

Ka gaida matarka.
Mahaifinka

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarku. Ban ga amsa ba, na ce ko aiki ne ya yi maka yawa.

Na bi motar nan gaɓa-gaɓa. Famfon mai sabo ne, kai ka saka, yana turawa. Na gwada nozul huɗu, duk suna feshi daidai. Na bi tiyo da ruwan sabulu ko iska na shiga ta wani wuri, babu. Sai na ɗaura geji mai auna ƙarfin turi a layin mai, na fita da ita. Turbo na buɗewa allurar ta faɗi ƙasa. Wani abu ne ke tare man a hanya.

Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa ganin haɗi mai tsabta irin naka ba. Ina kwancewa ina jin kunya. Mahaifiyarka ta daina tambayata labarin motar, abinci kawai take ajiye mini ta tashi.

Mahaifinka

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Na gano. Matatar mai ce. Da na yanka ta, cikinta ya cushe da tsatsa, tun kafin yankan ma ko hurawa na yi da baki da ƙyar iska ke wucewa. Tana ba da ɗan abin da silo ke so, amma ba ta iya ciyar da turbo.

Ni na saka ta. Ranar da ka fita sayo tiyo, na ga ka cire tsohuwar ka jefar, ka ajiye sabuwa a kan benci. Ka san halina, ba na iya ganin abu a kwandon shara. Na ɗauko ta na wanke da fetur, na mayar, na ɗora sabuwar a saman kanta wai sai wata rana. Da ka dawo na ce maka na gama wannan ɓangaren. Ba ka duba ba, don aikin ubanka ne.

Jiya ƙanwarka ta gaya mini ka sayar da akwatin sifanoninka, ka bar kanikanci gaba ɗaya. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Na je har gida na faɗa wa mai motar gaskiya, na tara mutanen gareji su ma na faɗa musu. Kai kaɗai ka rage, kuma kai ne ba ka nan.

Ka yafe mini. Sabuwar matatar tana cikin kwalinta, na goge mata ƙura. Aikin minti goma ne, amma ba zan saka ba. Na riga na taɓa aikinka sau ɗaya.

Naka,
Mahaifinka