Bugu Na Biyar

Sabon Gari, Minna
Alhamis, 14 ga Yuni, 2007

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na taɓa zama a ƙarƙashinta har na manta akwai rana, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, mai muryar da ta tsufa ba ta gaji ba, abin begena jiya da yau, Baban Ummi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da gwiwar nan taka ta hagu da Ummi ta ce tana hana ka sakat duk ranar da hadari ya haɗo. Kada ka wahalar da idonka wajen juya takarda kana neman mai ita. Ni ce, Safiyatu, wadda ta yi maka amshi shekara goma, ta zauna a ɗakinka shekara takwas, sannan ta yi fushi shekara goma sha tara. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun nan yanzu muciya ya sani, ba biro ba.

Ya masoyina, ka tayar da garin nan tsaye. Duk inda na juya kai ne. Masu tura baro suna yawo da faifanka a kasuwa, masu aski sun liƙa hotonka, teloli suna taka keke da kiɗanka. An ce kaset ɗin ya kai Kaduna, ya kai Kano, har Ikko ana nemansa. Na ga hoton da suka sa maka a jikinsa, kai kaɗai da jita, babu ƙungiya a bayanka, an rubuta Sauran Hanya a ƙasa. Wa ya ba ka shawarar hular nan? Ta yi maka girma, kunnuwanka ne kawai suka tare ta. Amma na tsaya a gaban shagon sayar da kaset har mai shi ya tambaye ni ko na yi ɓatan hanya ne.

Ban yi niyyar saurare ba, gaskiya nake faɗa maka. Na yi mako biyu ina toshe kunne. To, ka san kullum da safe nakan hau bas zuwa Gidan Kwano da kulolin shinkafa da wake, in sayar wa ɗaliban jami'a. Ranar Litinin ta wancan makon, mun wuce Kpakungu ke nan, Ndagi direbanmu ya tura kaset a rediyo, ya waigo ya ce da ni, “Mama, ka ji sabon waka na Gimba Mai Jita? Tsoho ya dawo fa. Wallahi ya fi yara duka.” Na rubuta sunanka ne don shi ya faɗa, ni har yau bakina bai iya ba. Ina zan gudu a cikin mota mai tafiya, da kula a kan cinya?

Sai ga muryarka. Ta yi kauri, hasken raina, ta ɗan shaƙe a ƙasa kamar ta wanda ya tashi daga mura, kuma haƙorin nan da ka rasa yana sa ka ɗan yi fito idan ka ja baiti. Duk na ji. Amma ta fi ta dā shiga jiki, yadda miyar da ta kwana take fin sabuwa. Ka ce, “Na share ƙofar gida, ban ga sawu ba,” sai ka yi shiru, kiɗa ya ci gaba shi kaɗai. Ɗaliban da ke motar suka zuba nasu a wurin, kowa da abin da ya zo bakinsa, ana ta dariya. Wata yarinya mai tabarau ta shiga yi wa ƙawarta bayani, wai sabon salo ne, wai ka bar wa jama'a fili ne su yi waƙar tare da kai, shi ya sa faifan ya karɓu. Yatsana ne ya kama ƙirga a kan murfin kula ba da izinina ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba ka dawo ba. Biyar.

Baban Ummi, wa kake yaudara? A duniyar nan wane mawaƙi ne yake barin bugu biyar?

Ka san ƙa'idarmu a ƙungiyar Taurarin Chanchaga, kai ka kafa ta. Ka ajiye baiti, ganga ta buga uku, a na huɗu mai amshi ta shigo. Duk 'yan amshin da ka taɓa yi a na huɗu suke shigowa, sai ni. Ni kullum a na biyar. Zamani mai ganga, Allah Ya ji ƙansa, har sandar ganga yake ɗaga mini don in shirya, amma a banza. Tun ranar farko haka nake. Ka tuna bikin nan na Zungeru, kusa da tsohuwar gada, da mai amshinku ta kwanta zazzaɓi? Ina cikin ƙawayen amarya da muka zo daga Bida, muna waƙarmu a gindin mangwaro, ka aiko a kira “mai jan ɗankwalin nan”. Aka miƙa mini abin magana. Ka ajiye baiti, na makara, ka dube ni ka yi murmushi, ka ƙara taka ƙafarka ta hagu sau ɗaya don ka rufe mini asiri. Da za mu koma, a jirgin ƙasa, ka ɓare mini gyaɗa tun daga Zungeru har Minna, kana zuba mini a tafin hannu, kai ba ka ci ko ɗaya ba. Kogin Kaduna ya cika ya batse a ranar, amma abin da ke ƙirjina ya fi shi.

Ina ma a nan labarin ya tsaya.

Ba zan ɓoye maka ba, har yau ranar Kontagora tana yi mini ciwo. Bikin ɗan kasuwar nan, da la'asar, fili cike da mutane. Na makara kamar yadda na saba, kai kuma ranar ranka a ɓace yake, igiyar jita ta tsinke maka sau biyu. Ka juyo ka ce, “Ke kullum sai kin makara. Zan nemo wadda ta san lokaci.” Ka ɗauka an kashe lasifika, ashe a buɗe take. Kaf filin nan aka ji, har gwaggona da ta zo daga Bida tana zaune a sahun gaba. Na ajiye abin magana a kan kujera, na goya Ummi, ban tsaya ko'ina ba sai gidan Yaya Mamudu. Sau biyu ka aiko biko, na ce tunda da bakinka ka faɗa a gaban jama'a, da ƙafarka za ka zo. Kai kuma ka ce mai jita ba ya durƙusawa. A karo na uku takardar saki ce ta zo. Dubi abin da muka yi wa kanmu, ni da kai, a kan bugu ɗaya na ganga.

Yau zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Ummi. Kun ɗauka ban iya ƙirga ba ne. Zamani ya ce numfashina ne gajere, kai ka ce taurin kai ne irin namu na Bida. Ko ɗaya babu. Idan ka kai ƙarshen baiti, akwai wata 'yar jela da muryarka take ja, siririya, tana sauka a hankali kamar ɗigon zuma daga cokali. Ba kowa ke jin ta ba, sai wanda ke tsaye dab da kai. Ita nake tsayawa in ji. Ban taɓa iya taka ta ba, ban taɓa yarda in sa muryata a kanta kafin ta ƙare ba. Shekara goma kana yi mini faɗa a kan makara, alhali sauraronka nake yi. Me ya hana ni faɗa a lokacin? Kunya, da girman kai, da tsoron kada ka yi dariya. Ga shi na faɗa da furfura a kaina, a lokacin da kunyar ta fi yawa.

Kada ka zaci ban san wahalar da ka sha ba. Na san lokacin da ƙungiya ta watse, da yara masu fiyano suka karɓe bukukuwa, mutum ɗaya ya danna maɓalli ya yi aikin makaɗa bakwai. Na san ka koma bayar da hayar lasifika. Wata rana na hango ka a hanyar Bosso da tsakar rana kana tura manyan akwatuna biyu a baro, gumi ya jiƙa maka riga, wani matashi a kan babur yana yi maka tsawa ka ba shi hanya. Kai, da ake tashi tsaye idan ka shigo fili. Na laɓe a bayan rumfar mai lemo don kada ka gan ni ka ji kunya, na yi kuka har mai lemon ta ba ni kujera. Na so in kira ka. Wallahi na buɗe baki. A nan ma na makara.

Shi ya sa da na ji duniya ta dawo maka, na yi murna irin wadda ban yi ba tun ranar auren Ummi. Ka cancanta, farin cikina. Ba gata ne ya ba ka ba, ba ƙuruciya ba, muryarka ce da haƙurinka. Allah Ya ƙara ɗaukaka, Ya tsare ka daga bakin mutane.

Na sayi kaset ɗin ranar. Da na dawo daga Gidan Kwano na rufe ƙofa, na sa shi a tsohuwar rediyon Ummi, na zauna a bakin gado da ɗankwali a hannu. Waƙa takwas ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai sauri da mai sanyi, babu inda ka bar huɗu. A waƙa ta shida ma, idan mutum ya kai kunne kusa, ana jin takun ƙafarka a daɓen situdiyo, wannan ƙarin takun da ka yi mini a Zungeru. Na gwada shiga. Kamar tsohon takalmina aka miƙo mini, ko gyara ƙafa ban yi ba.

Amma ina jin tsoro, Baban Ummi, kuma tsoron ne ya sa ni ɗaukar biro. Ranar Lahadi na ji hirar da aka yi da kai a rediyo. Ka ce masu sayar da faifai na Kano suna so a sake buga shi da muryar mace a wuraren da ka bari, har sun samo yarinya mai zaƙin murya, kai kuma za ka ba su amsa ƙarshen watan nan. Ba ni da abin cewa a kan yarinyar, Allah Ya ba ta sa'a. Na tabbata ta san lokaci. Za ta shigo a na huɗu daidai, ta taka jelar nan ba ta ma san akwai ta ba, sai bugu ɗaya ya rage a tsaye shi kaɗai kamar baƙon da ba a ba shi tabarma ba, daga nan mai situdiyo ya yanke shi. Ka ba su hotonka, ka ba su hular ma in suna so. Wurin nan kada ka bayar.

Ko kuwa ni ce nake ruɗin kaina? Na yi wannan tunanin har abinci ya kama mini a tukunya. Watakila tsufa ne kawai, numfashinka ne ya ragu kake buƙatar hutu. Watakila sabo ne ya bi ka situdiyo, ba ni ba. Idan haka ne, ka ƙona takardar nan, kada ka nuna wa kowa, ka bar tsohuwa da kulolinta. Ba zan yi fushi ba, na gama fushi, bai saya mini komai ba sai kaɗaici. Amma in ni kake jira, in duk safiyar da ka share ƙofar gidanka sawuna kake dubawa, to ka sani ban taɓa sauraron wani namiji ba bayanka. An zo, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk wanda ya gama magana sai in ga babu abin da zan tsaya ji a ƙarshenta.

Yaya Mamudu yana nan a gidan da ka sani, bayan masallacin masu kifi. Ya tsufa, ya yi sanyi, jiya ma na kama shi yana kaɗa kai da waƙarka. Ba na cewa ka durƙusa, gwiwar ba za ta yarda ba, ni ma na janye wannan sharaɗin. Ka zo kawai, da ƙafarka, ranar Juma'a bayan an sauko, ka zauna a zaure ka nemi aurena kamar yadda ka yi a farko. Zan dafa maka miyar wake da busasshen kifi irin ta gidanmu. In ka ga ban fito da wuri ba, kada ka tashi. Ka san halina.

Saura abu ɗaya ban faɗa maka ba game da ranar nan a mota. Da baitin ya sake zagayowa, ka ce, “Na share ƙofar gida, ban ga sawu ba,” ɗalibai suka yi nasu suka gama a na huɗu, motar ta yi tsit. A cikin shirun nan sai na ji wata murya ta tashi, tsohuwa, tana rawa, ta ce, “Sawun yana hanya, bar ƙofar a buɗe.” Sai da kowa ya waigo na gane tawa ce. Ndagi ya rage gudu ya dube ni ta madubi ya ce, “Mama, ashe kai ma ka iya waka?” Na ce masa a'a, amshi kawai na iya, shi ma na mutum ɗaya.

To ga shi nan, rabin raina. Ka ajiye baitinka, na tsaya na ji shi har jelarsa ta ƙare. Na makara da shekara goma sha tara, amma na shigo.

Taka a jiya, taka a yau, taka har ranar da numfashi zai ƙare mini,

Safiyatu, mai amshinka.