Ki Faɗa wa Baba Ban Manta da Samfefa Ba

Zuwa ga Auta, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko bayan dogon fari, ke da muryarki ta fi kukan kurciya da hantsi daɗi a kunnena.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da Mama da duk mutanen gida. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san biro bai saba da hannuna kamar guduma ba. Da kaina nake rubutawa, ban ba kowa ba, don maganar da ke cikina ba ta aike ba ce.

Takardarki ta iso ni ranar Talata, direban motar garinmu ya miƙo mini ita a ƙofar shagon da nake aiki. Sau huɗu na karanta, biyu don in gane, biyu kuma don na gane ɗin. Kin ce Baba ya ga hoton da na turo, ya daɗe yana kallo, sannan ya faɗi abu biyu. Na farko, wai na zama makaɗi. Na biyu, wanda ya fi yi mini ciwo, wai shekara shida ya yi yana koya mini aikin katako, ga shi na tsaya ina washe baki, rungume da katakon da ko murhu sai an roƙe shi kafin ya karɓa. Kuma ya ce in ban dawo shagonsa kafin ƙarshen wata ba, a naɗe maganar aurenmu. Auta, wace irin tsawa ce wannan da rana tsaka? Ni da na turo hoton don ku yi alfahari da ni!

Bari in ba ki labarin wurin nan tun daga tushe, don ni ma da na zo kaina juyawa ya yi.

Mai gidan likitan haƙori ne da ya ajiye aiki, kowa Likita yake ce masa. Abin da ya sa a gaba yanzu shi ne tara tsofaffin jitoci masu lantarki, wato garayar Turawa. Ba irin mai ramin nan a ciki ba, waɗannan katako ne cur. In ba a jona su da lasifika ba, ƙararsu ba ta kai ta sauro ba, in aka jona kuwa har gilashin taga rawa yake. Guda arba'in da uku yake da su a ɗakin sama, kowace a rataye da 'yar takarda a ƙasanta. Labule kullum a sauke don kada rana ta taɓa su, ga wata na'ura a bango tana auna laimar ɗakin, ya fi duba ta a kan hawan jininsa. A ƙasa kuma akwai shagon Kawu, tsohon da ke ƙera sababbi ga masu so a yi musu tasu daidai hannunsu. Kawu ba ya jin nauyin Likita. A gabansa yake cewa, "Ya gama cire wa mutane haƙori, yanzu masu sayar da tsofaffin kaya ke cire masa nasa." Likita sai dai ya yi dariya.

Shara da ɗaukar kaya aka ɗauke ni. Kwana uku da zuwana aka ce in hau sama in goge ƙura. A nan na gan ta, jitar da kika gani a hoto, rataye a tsakiyar bango kamar ita ce sarauniyarsu. Da shuɗiya ce, ta koɗe ta koma kalar ruwan tafki. Inda hannu ke kwanciya fenti ya cinye har katako ya fito. Bayanta duk kan bel ya karce shi. A kanta kuma, kusa da inda ake ɗaure tsirkiya, ga baƙin tabon ƙuna. Wallahi tausayi ta ba ni. Na ce a raina, mutum mai kirki haka, an bar masa wannan abin kunya a tsakiyar ɗaki, ba wanda ya kula? Sai maganar Baba ta faɗo mini, wadda yake yi kullum: katako mai rauni a shago zagin mai shago ne. Kin san ba na rabuwa da guntun samfefar goge katako a aljihu. Na sauke ta, na ɗora a cinya, na fara da tabon ƙunar nan, a hankali, ina bin jijiyar katako yadda aka koya mini. Har ina ayyana irin godiyar da za a yi mini.

Na ci wuri kamar faɗin babban yatsa sai Likita ya shigo da kofin shayi a hannu. Bai yi ihu ba, kofin ne ya yi magana a ƙasa. Ya zame ya zauna daɓas a kan siminti, mutum mai shekara saba'in, ya dube ni ya ce, "Ɗana, me ta yi maka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gyara nake." Ya rufe ido ya ce, "Gyara."

Ashe jitar nan ta girmi Baba. Ashe raunukan nan su ake saya. Mai ita na farko shekara ashirin ya yi yana kaɗa ta a ɗakunan rawa, kuma in zai fara sai ya soke tabarsa a ƙarƙashin tsirkiya, ya manta da ita har ta ƙona katakon. Wannan ƙunar Likita ya yi shekara tara yana bi, daga hannun wannan zuwa hannun wancan, kafin ya same ta. Ni kuma na zo da samfefata na share rabinta kafin shayi ya huce. Ki gaya mini, hasken raina, a wace makaranta ake koyar da wannan? Wa zai gaya wa kafinta cewa akwai gidan da tabo ya fi sheƙi daraja?

Ni dai a zuciyata har na ɗaure jakata. Sai ga Kawu ya hawo, tabarau ɗaya a hanci, ɗaya a goshi. Ya karɓi jitar, ya ɗora yatsa a inda na goge, ya yi ta shafawa. Can ya ce, "Likita, yaron nan ya yi maka ɓarna, amma ɓarnar da laushi take. Kai, wa ya koya maka riƙon samfefa?" Na ce maigidana ne, kafinta. Ya ce, "To maigidanka ya san aiki. Likita, ba ni shi. A ƙasa ba zai samu tsohuwar da zai yi wa kwalliya ba."

Kin ji, Auta? Koyarwar Baba ce ta kusa sa a kore ni, ita ce kuma ta tsayar da ni. Sake duba hoton da kyau, za ki ga babban yatsana ya danne wani wuri a kan jitar. Wurin ke nan. Likita ya hana a taɓa shi. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce, wannan shi ne sabon tabonta, ga mai shi can a ƙasa yana aiki. Shi da kansa ya miƙo mini ita ranar da aka ɗauki hoton, kuma ban da shi da Kawu ba wanda ke riƙe ta sai ni.

Kada ki ɗauka na gane komai nasu. Wani lauya ya zo aka ƙera masa sabuwa fil, mako uku Kawu yana fesa mata fenti har kana ganin fuskarka a jiki. Da ta bushe sai lauyan ya ce a tsofar masa da ita. Kawu ya ɗauko damin makullai ya dinga tafka mata. Ni fita na yi waje, na tsaya a bakin titi ina kallon motoci har aka gama. Da na dawo Kawu ya ce, "Ka gama zaman makokin? To kai riƙe wuya, ka bar mini jiki."

Wuya shi ne dogon katakon da hannun hagu ke bi, kuma a nan duk sirrin yake. In ya yi kauri hannu ya gaji, in ya yi siriri ya lanƙwashe. Ba a gane shi da ido, sai da tafin hannu. Wata biyar ina yi wa Kawu share fage da magagari da samfefa, yana ƙarasawa. Watan jiya wata mata mai kiɗa a ƙungiya ta zo, hannunta ƙarami, ta ce duk jitar da ta riƙe sai ta ji kamar ta kama taɓarya. Kawu ya auna tafinta, ya miƙo mini katako ya ce, "Naka ne daga farko har ƙarshe. In ka ɓata, kai za ka yi mata bayani." Kwana tara na yi a kansa. Ranar da ta zo karɓa ta zauna ta yi ta kaɗawa, kanta a sunkuye. Sannan ta ɗago ta ce, "Wa ya yi wuyan nan?" Kawu ya nuna ni da haɓa. Auta, da kin ga ni ranar! Ji na yi rufin shagon ya yi mini ƙasa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A gindin wuya, inda yake shiga cikin jiki a ɗaure shi da sukurori, masu ƙira suna sa alamarsu da kwanan wata da fensir. Ba mai gani sai ranar da aka kwance, ko da bayan shekara hamsin ne. Kawu ya miƙo mini fensir ya juya baya. Na rubuta harafin farko na sunana, na rubuta naki kusa da shi. Yanzu haka muna can tare a ɓoye, ana yawo da mu gari gari, ana tafa mana ba a sani ba.

Kin tuna kujerar farko da na yi a shagon Baba? Kin kawo masa ruwa, kika dafa ta, sartse ya shige miki a tafin hannu. Ba ki yi kuka ba, kika dube ni ta gefen ido kika ce kujerata ta cije ki, in koya mata ladabi. Baba ya sa ni gogar ta kwana uku. Tun daga ranar, duk abin da na gama sai kin wuce kin shafa shi kamar ba da gangan ba, ni kuma numfashina a tsaye har sai kin ɗauke hannu. Har yau haka nake aiki. Duk katakon da na goge a nan, hannunki nake gani yana zuwa. Ya ke raɓar safiya a kan ganye, ya ke farin wata ga matafiyi, yaya za a yi a ce in naɗe maganarki? A naɗe kogi a gani tukuna. Kewarki tana cina kamar gara a cikin katako, daga waje lafiya lau, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani.

Amma ba zan yi miki ƙarya ba, don ban taɓa yi ba. Ba zan dawo shagon Baba in zauna ba. Na samu abin da hannuna ya iya, kuma in na jefar da shi na dawo don tsoro, mutumin da za ki aura ba ni ba ne, wani ne mai kama da ni yana haɗa benci yana tsaki. Ba raini ba ne. Duk abin da nake taƙama da shi a nan, a gaban teburinsa na tsince shi. Batun kiɗa kuwa, ki kwantar masa da hankali. Sau ɗaya na gwada, Kawu ya leƙo ya tambaya ko kyanwa ce ta maƙale a bayan inji.

Ga abin da zan yi. Likita ya ba ni hutun kwana huɗu daga ashirin da bakwai ga wata. Akwai wuya na biyu da na kusa gamawa, Kawu ya yarda in taho da shi kafin a ɗaura. Zan zo shago da safe, in durƙusa in gaishe da Baba, in sa masa shi a hannu ba tare da na ce komai ba. Kafinta ne, katako zai yi masa bayanin da bakina ba zai iya ba. Kada ki yi jayayya da shi saboda ni, ubanki ne, kuma ubana ne a sana'a. Ki dai roƙi Mama ta sa baki ya tsaya a shago ranar, kada ya ce yana da aiki a wani wuri, na san halinsa in ya yi fushi.

In ya samu aibi, ya nuna mini wurin, in koma in gyara in sake kawowa, ko sau goma ne, ko takalmina zai ƙare a hanya. Wannan na iya. Abin da ban iya ba shi ne in yi ta zuwa ban san ko akwai mai jirana ba. Don haka abu ɗaya nake roƙo, ki ba direba amsa ranar Asabar, ko layi ɗaya ne: in Baba ya ce a'a a karon farko, za ki jira na biyu?

Ni dai tawa amsar tun tuni na bayar, kuma ba ta canzawa.

Naki, yau da gobe da ranar da furfura za ta rufe mu,

Yaron shagon Babanki